Mai Jefa Ƙuri'a a Waƙoƙin Siyasa na Hausa: Sharhi a Kan Rabon "Riƙau" da "Sauyi"

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba duba kundayen ɗalibai a kan waƙoƙin siyasa na Hausa zai lura da wata al'ada da ta zauna daram a cikinsu. Ɗalibi zai tattaro waƙoƙi, ya raba su gida biyu, ya ce waɗannan na masu ra'ayin riƙau ne, waɗancan kuwa na masu neman sauyi ne. Daga nan sai ya zarce ya yanke hukunci a kan jama'ar da aka yi waƙoƙin dominsu, ya ce mutanen wuri kaza 'yan mazan jiya ne tun da sun zaɓi NPC ko NPN, mutanen wuri kaza kuwa wayayyu ne tun da sun bi NEPU ko PRP. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa rabon farko, watau na waƙoƙi, yana da madafa, amma na biyu, watau na masu jefa ƙuri'a, ba shi da ita. Mutum ɗaya yana iya zama mai neman sauyi a kan haraji, mai riƙau a kan kulle, kuma mai tsaka-tsaki a kan sarauta, ya kuma ɗauki duk waɗannan ra'ayoyi ya shiga da su rumfar zaɓe a rana ɗaya. Zan taƙaita bayani a kan zamanin da ya faro daga 1950 zuwa 1983, domin shi ne zamanin da aka fi nazarta, kuma a cikinsa ne wannan rabo ya samo asali.

2.0 Asalin Rabon

Ba haka kawai manazarta suka ƙago rabon nan ba. Jam'iyyun da kansu ne suka fara shata shi. An kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, kuma a cikin wannan shekara ta fitar da sanarwar nan da aka sani da Sanarwar Sawaba, wadda ta bayyana al'ummar Arewa a matsayin ɓangare biyu masu karo da juna, watau masu riƙe da mulkin En'e da kuma talakawa. Ita kuwa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar al'adu, ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, ta jingina da sarakuna da ma'aikatan En'e. Kowace ta sami takenta da alamarta: NEPU tana da "Sawaba" da tauraro, NPC tana da "Salama" da fartanya. Da siyasa ta dawo a 1978 sai aka ga kamar an maimaita tsohon zubi, PRP da "Nasara" da mabuɗi, NPN da "Aminci" da gida da masara.

Mawaƙan jam'iyyu sun bi wannan shaci sau da ƙafa. Marubuta irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin sun tsaya a ɓangaren NEPU, makaɗan fada kuwa irin su Alhaji Musa Ɗanƙwairo sun wasa Sardauna Ahmadu Bello. Saboda haka lokacin da Haruna Abdullahi Birniwa ya kwatanta waƙoƙin NPC da NPN da na NEPU da PRP a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Sakkwato a 1987, ya aza aikinsa a kan abin da ke akwai a cikin waƙoƙin. Aikinsa ya shafi waƙa da mawaƙi. Kuskuren ya shigo ne daga baya, sa'ad da masu bin sawu suka ɗauki ma'aunin da aka ƙera don awon waƙa suka shiga auna mutane da shi.

3.0 Muryar Wa Ake Ji a Waƙar Siyasa?

Tambayar da ya kamata manazarci ya fara yi wa kansa ita ce, wane ne ke magana a cikin waƙar? Waƙar jam'iyya makamin yaƙin neman zaɓe ce. An tsara ta ne don a rera a dandalin lacca, a haddace, a yaɗa a kasuwa da tasha. Jigoginta sanannu ne: yabon shugaba, zambo da habaici ga abokan hamayya, bayyana manufa, da kira ga jama'a su fito. Aikinta shi ne ta haɗa abubuwa da yawa ta ɗaure su da igiya ɗaya, ta ce wa mai sauraro in ka yarda da wannan to dole ka yarda da wancan. Mawaƙin NEPU zai ƙulla maganar haraji da ta kotun alƙali da ta ilimin mata a wuri guda. Mawaƙin NPC shi ma zai ƙulla biyayya ga na gaba da kare addini da haɗin kan Arewa a wuri guda. Ƙullin nan aikin mawaƙi ne da jam'iyyarsa.

Shi kuwa mai jefa ƙuri'a, in an duba da kyau, kusan kullum a cikin waƙoƙin nan wanda ake yi wa magana ne. Ana kiransa talaka, ko ɗan'uwa, ko ɗan Arewa. Ana yi masa gargaɗi, ana lallashinsa, wani lokaci ana yi masa gorin wauta idan ya bi ɗaya ɓangaren. Da wuya a ji inda aka ba shi baki ya faɗi abin da ya karɓa daga manufar jam'iyya da abin da ya ajiye. Kenan abin da waƙa ke nuna mana shi ne siffar mai ƙuri'ar da jam'iyya take fatan samu.

A nan yana da kyau a bambanta kalmomi uku da ɗalibai kan cakuɗa su, watau aƙida da manufa da ra'ayi. Aƙida ita ce tushen da jam'iyya ta ce ta ginu a kai, kamar 'yantar da talaka. Manufa ita ce abin da ta yi alkawarin aikatawa, kamar soke haraji. Ra'ayi kuwa shi ne matsayin mutum ɗaya a kan magana ɗaya. Bahaushe yana cewa "ra'ayina a kan kaza", kuma wannan "a kan kaza" ɗin yana nuna cewa shi kansa harshen ya san ra'ayi abu ne da ake yi a kan batu-batu. Wanda ya ce ra'ayin talakan Kano shi ne NEPU ya tauye kalmar, domin ya musanya ta da sunan jam'iyya.

4.0 Ra'ayin Mai Ƙuri'a Fanni-Fanni

Domin a ga yadda abin yake, bari mu ɗauki misalin magidanci manomin gyaɗa a ƙasar Kano a zaɓen tarayya na 1959, mu bi ra'ayoyinsa a fannoni uku.

4.1 Tattalin Arziki

A wannan fanni kukansa a fili yake. Yana biyan haraji kowace shekara ta hannun mai unguwa da dagaci, in yana da shanu kuma ga jangali. Gyaɗarsa ba shi ke yanka mata farashi ba, hukumar sayen amfanin gona ce ke yankawa, ta sayar a waje da tsada ta riƙe rarar. Tsakaninsa da hukumar kuma akwai dillalai da masu awo, ga bashin da yakan ci da damina ya biya da kaka. A kan waɗannan abubuwa maganar NEPU ta dace da abin da ke ransa, kuma ba ya bukatar a karanta masa littafin gurguzu kafin ya gane ta, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma a lura da iyakar wannan yarda. Mutumin nan da rani ɗan kasuwa ne ko mai sana'a, burinsa ya tara jari, ya sayi gona, ya je Makka. Abin da yake ƙi shi ne zalunci, watau a karɓi nasa ba bisa haƙƙi ba. Bai ƙi dukiya ba, bai kuma ƙi mai ita ba muddin yana fitar da zakka yana taimako. Shi ya sa aka sami 'yan kasuwa da masu sana'a, irin su teloli da mahauta da 'yan koli, a sahun gaba na NEPU. Fassara wannan matsayi da kalmar gurguzu kai tsaye ya wuce gona da iri.

4.2 Zamantakewa

A nan ne rabon gida biyu ya fi rauni. Duka ɓangarorin biyu da harshen addini suka yi yaƙi. Mawaƙan NPC sun riƙa tuna wa jama'a cewa Sardauna jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, suna zargin 'yan NEPU da rashin kunya da haɗa kai da waɗanda ba Musulmi ba, saboda ƙawancensu da NCNC. Su kuwa 'yan NEPU sun kafa hujja da shi Shehun, suka ce sarakuna sun kauce wa tafarkinsa. Hujjar tana da tushe, domin a cikin Kitabul Farƙi an lissafa jangali cikin abubuwan da aka soki sarakunan Haɓe da karɓa. Malam Aminu Kano kansa ɗan gidan malamai da alƙalai ne, kuma mai tafsiri ne. To, a cikin gardamar da kowane ɓangare ke cewa shi ne ke son a koma wa asali, wane ne mai riƙau, wane ne mai sauyi? Manomin da muke misali da shi yana iya bin NEPU a matsayin mai son a koma wa adalcin magabata, ba tare da ya taɓa jin cewa yana neman sabon abu ba.

Sai kuma batun mata. A zaɓen 1959 maza baligai kaɗai ne suka jefa ƙuri'a a Jihar Arewa, alhali a kudu mata sun jefa. NEPU ta nemi a ba mata ƙuri'a, NPC ta ce lokaci bai yi ba. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama a kan gwagwarmayar NEPU. Matan Arewa ba su sami damar ba sai a zamanin soja, a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sannan suka jefa ƙuri'a a babban zaɓen 1979. Wannan duka bayani ne a kan matsayin jam'iyyu. Ba ya nuna cewa kowane magidancin da ya jefa wa tauraro ƙuri'a ya yarda matarsa ta fita lacca, ko ya yarda a kai 'yarsa makarantar boko. Birnin Kano, inda NEPU da PRP suka fi ƙarfi, yana daga cikin wuraren da kulle ya fi kafuwa. Idan da a ce ƙuri'a ga Malam Aminu tana nufin karɓar dukkan ra'ayinsa a kan mata, shi da ya zaɓi mace ta zama mataimakiyarsa a takarar 1983 kafin rasuwarsa, da zaman gidajen Kano ya sake kama tun tuni.

Batun ilimi ma haka yake. A 1979 jam'iyyar UPN ta Obafemi Awolowo ce ta fi kowa ɗaga murya a kan ilimi kyauta da magani kyauta. Talakan ƙasar Hausa yana bukatar duka biyun, amma bai ba ta ƙuri'ar a zo a gani ba. Manufa ta yi masa, mai manufar ne bai aminta da shi ba, saboda dalilai na tarihi da na yanki. Wannan ya nuna cewa bayan ra'ayi a kan batu akwai wani ma'auni kuma, watau amana, wadda waƙar jam'iyya takan taɓo ta ne kawai ta hanyar yabo da zambo.

4.3 Mulkin Cikin Gida

Abin da ya fi ƙona wa talaka rai a zamanin En'e shi ne haɗuwar iko a hannu ɗaya. Kafin gyare-gyaren da gwamnatin soja ta yi a ƙarshen shekarun 1960, 'yan doka da gidan yari da kotunan alƙalai duk suna ƙarƙashin En'e, ita kuwa En'e tana hannun sarki da majalisarsa. Ɗan adawa yana iya neman izinin lacca a wurin hukumar da yake suka, a hana shi, in ya yi a kama shi, a kai shi gaban alƙalin wannan hukuma, a ɗaure shi a gidan yarinta. Waƙoƙin NEPU cike suke da wannan kuka.

Sai dai ƙin zaluncin hakimi daban, ƙin sarauta daban. Babbar shaida a nan tana cikin adabin kansa. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, shi ne jagoran masu neman sauyi na farko a Arewa, kuma Malam Aminu ya tasirantu da shi ƙwarai. Amma a waƙarsa ta "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" bai nemi a rushe sarauta ba. Gargaɗi ya yi wa sarakuna su gyara, su rungumi ilimi da shawara da adalci, don kada guguwar zamani ta tafi da su da Arewa baki ɗaya. Idan shi wannan malami, wanda ya karanta siyasar duniya, ya iya haɗa zafin suka da son ɗorewar mulukiya a waƙa ɗaya, me zai hana manomi ya haɗa su a zuciya ɗaya? Ɗalibin da ya riga ya raba takardarsa gida biyu yakan rasa inda zai saka wannan waƙa, sai ya tura ta inda sunan marubucin ya fi dacewa, ya rufe ido daga abin da ta ƙunsa.

5.0 Shaidar Akwatin Zaɓe

Mai karatu yana iya cewa duk abin da ya gabata hasashe ne a kan zuciyar mutumin da ba mu ji daga bakinsa ba. To, akwai wuraren da shi mai ƙuri'ar ya nuna da aikinsa cewa ra'ayinsa ba dunƙule yake ba. Zan kawo guda uku.

Na farko, a 1963 gwamnatin NPC ta sa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus bayan binciken kuɗin En'e, aka kai shi Azare. Magoya bayansa suka kafa jam'iyyar KPP, kuma wannan jam'iyya ta masu kishin sarki ta ƙulla ƙawance da NEPU. Ga masu neman a mayar da sarki kan gadonsa, ga masu sukar mulkin sarakuna, sun zauna inuwa ɗaya domin abokin hamayyarsu ɗaya ne. Kishin Kano a gaban Kaduna, da kuma zumuncin ɗariƙar Tijjaniyya, sun yi aiki a nan fiye da rabon riƙau da sauyi.

Na biyu, zaɓen 1979 an yi shi ne kashi biyar, daga 7 ga Yuli zuwa 11 ga Agusta. A tsohuwar Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da Katsina, jama'a sun ba NPN babban rinjaye a majalisar dokokin jiha ran 21 ga Yuli. Bayan mako ɗaya, ran 28 ga Yuli, sai Alhaji Balarabe Musa na PRP ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN a takarar gwamna. Ran 11 ga Agusta kuma Alhaji Shehu Shagari ya fi kowa ƙuri'a a jihar. Gaskiya ne cewa goyon bayan mabiya wasu jam'iyyu ya taimaka wa Balarabe, kuma tsarin mazaɓu yana iya ba jam'iyya kujeru fiye da rabonta na ƙuri'u. Amma ko wannan ma hujja ce a gare mu, domin yana nufin dubban mutane sun bar alamar jam'iyyarsu sun jefa wa mabuɗi da suka ga abin da ake nema ya bambanta. Sakamakon wannan rabuwa shi ne rikicin gwamna da majalisa wanda ya ƙare da tsige Balarabe a watan Yuni 1981.

Na uku, a Jihar Kano PRP ta yi rinjayen da Shagari bai kai ga samun kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un ba, ya tsaya a wajen kashi 20 cikin ɗari, abin da ya jawo shari'ar nan ta sha biyu da biyu bisa uku. Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, kamar takwaransa na Kaduna, ya sanar da soke haraji da jangali da hawansa a 1979, jama'a suka yi murna. Amma a watan Yuli 1981, da gwamnatinsa ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma, sai tarzoma ta ɓarke ran 10 ga wata, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. An yi ta gardama a kan waɗanda suka kitsa tarzomar, kuma ba aikin wannan maƙala ba ne ta yanke hukunci. Abin da ba a gardama a kansa shi ne PRP ta riga ta rabu gida biyu, Santsi da Taɓo, kuma a zaɓen 1983 Rimi, wanda ya koma NPP, ya sha kaye a hannun Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP. Mutanen da aka sauke wa haraji ba su ɗauki wannan alheri a matsayin dalilin bin gwamna a kan kowace magana ba.

6.0 Abin da Za a Iya Faɗa a Kan Wannan Ra'ayi

Akwai suka iri biyu da ya kamata a saurara. Na farko shi ne a ce mafi yawan masu ƙuri'a a wancan zamani ba ra'ayi suka bi ba, umarnin dagaci ko na maigida suka bi, ko tsoro, ko abin hannu. Lalle wannan ya faru, kuma ya faru da yawa. A zaɓen 1951 ma ba kai tsaye aka yi ba, hawa-hawa aka yi, har En'e tana da ikon cusa nata mutane a matakin ƙarshe, shi ya sa NEPU ta yi abin kirki a matakin farko a Kano amma ta tashi ba kujera. A 1959 NPC ta sami kujeru 134 daga cikin 312 na majalisar tarayya, NEPU ta sami 8 kacal, kuma ba mai cewa wannan tazara hoton zukatan jama'a ce tsantsa. Amma wannan suka ƙarfafa maganata yake yi. Idan ƙuri'a tana iya fitowa daga tsoro ko biyayya, to ba daidai ba ne a ɗauke ta a matsayin shaidar cewa mai ita ya rungumi aƙidar riƙau. Talakan Sakkwato yana biyan harajin da talakan Kano ke biya, kuma ba shi da dalilin sonsa fiye da shi.

Suka na biyu shi ne a ce kowane nazari yana bukatar rabo, in ba haka ba sai bayani ya watse. Wannan ma gaskiya ne, kuma ban ce a jefar da rabon ba. Yana da amfani wajen bayyana jigo da salo na waƙoƙin jam'iyyu, kamar yadda kowane ɓangare ke sarrafa kalmomin zalunci da mutunci da biyayya da 'yanci. Abin da nake nema shi ne a tsayar da shi inda hujjarsa ta tsaya. Manazarci yana da ikon cewa waƙa kaza ta ɗauki matsayin riƙau a kan sarauta, domin ga baitoci a gabansa. Ba shi da ikon cewa mutanen lardi kaza masu riƙau ne sai ya kawo wata shaida daga wajen waƙar.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata ina ganin akwai gyara uku da malamai za su iya nema daga ɗalibansu. Na ɗaya, wajen warwarar jigo a riƙa bin waƙa batu-batu, a ce ga matsayinta a kan haraji, ga matsayinta a kan mata, ga matsayinta a kan sarauta, maimakon a yi mata laƙabi ɗaya tun daga shafin farko. Da an yi haka za a tarar waƙoƙi da yawa ba su zauna lafiya a gidan da aka saka su ba. Na biyu, a riƙa lura da abin da mawaƙi ya yi shiru a kansa. Idan jam'iyya tana da manufa a rubuce amma mawaƙanta suna kauce mata a dandali, wannan alama ce ta cewa sun san masu sauraronsu ba su karɓe ta ba, kuma ta nan ne ake iya hango ra'ayin mai ƙuri'a a cikin waƙar da ba shi ya yi ta ba. Na uku, a nemi muryarsa a inda take: wasiƙun masu karatu a Gaskiya Ta Fi Kwabo, waƙoƙin makaɗan jama'a waɗanda ba na jam'iyya ba, irin su Ɗanmaraya Jos, da kuma hira da dattawan da suka jefa ƙuri'a a 1979 da 1983, waɗanda yawansu ke raguwa kowace shekara.

Maganar ba ta tsaya ga tarihi ba. Tun da aka dawo mulkin farar hula a 1999 waƙar siyasa ta ƙara yawa, ta koma situdiyo da wayar hannu, kuma ɗalibai suna ta rubuta kundaye a kanta da tsohon ma'aunin nan, alhali mawaƙi ɗaya yana iya yi wa jam'iyyu biyu waƙa a tsakanin zaɓe da zaɓe. Malamin da ya koya wa ɗalibi cewa jama'a kashi biyu ce, wayayyu da 'yan amshin shata, ya koya masa raina mutanen da yake nazarin harshensu. Bayanan da aka kawo daga 1963 da 1979 da 1983 sun nuna mutum mai auna abubuwa ɗaya bayan ɗaya gwargwadon saninsa da halin da yake ciki, wanda ke iya karɓar rabin maganar jam'iyya ya mayar mata da rabi. Ina fatan masu bincike za su koma wa waƙoƙin da wannan ido, musamman na lardunan Sakkwato da Katsina da Bauci, waɗanda ba a yi musu aikin da aka yi wa na Kano ba.